Lissafin cire haƙori ɗaya daga Illela

Ga mai lafiya, cire haƙori aikin ɗan lokaci ne: allura a dasashi, likita ya ja, a ba ka auduga ka cije. Amma yaron da aka haifa da shanyewar jiki da lalurar ƙwaƙwalwa ba zai buɗe baki ya zauna shiru ba. Sai an sa shi barci gaba ɗaya, aikin ya koma na ɗakin tiyata.

Daga Illela sai dai a nufi Sakkwato, fiye da kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yaron da ba ya iya zama ba a cusa shi a motar haya. Ko a biya masa kujeru ko a yi shata, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. Zuwan farko na yankar kati ne da ganin likita, sai gwajin jini, sai a sa rana. Ranar aiki a kawo shi da yunwar awa 6, shi da ba zai gane dalilin hana shi koko ba. In ya kwana da tari ko zazzaɓi, an ɗage, kuɗin mota ya bi ruwa.

Dokar nakasassu da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa magani kyauta ne gare shi a asibitin gwamnati. Mu ɗauka an cika alkawarin. Kyautar ba ta biyan direba, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta mayar wa uba kasuwar Lahadin da ta wuce shi.

Ba wai abin ya fi ƙarfin Sakkwato ba ne. Asibitin Noma, wato cutar zaizayar baki, na nan tun 1999, ana sa yara barci a gyara musu fuska ba ko kobo, da taimakon ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tun 2014. Sai dai wannan ƙofa ta wanda zaizayar baki ta riga ta ci wa kumatu ce.

Shi ya sa a gidaje da dama lissafin kan ƙare a kemis, ko a hannun wanzami da ƙarti biyu masu dannewa. Yaron kuwa ba ya iya nuna inda ke masa ciwo. Ya daina cin tuwo, yana dukan kuncinsa, a ce iska ce, a sayo turare.