Kwallin Jariri: Ina Gargaɗin Yake?

'Yan'uwana mata, yau maganarmu a kan kwalli ce, abin da kowace uwa a Mandera da Boɗinga da Shagari take ranbaɗa wa jariri tun kafin ranar suna.

Shin kun san wani kwallin, musamman na dutse mai ƙyalli, kusan dalma ce zalla? Yau ana iya auna wannan. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida. Da aka auna kwallin da aka kawo masa daga Nijeriya, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan guba ta shiga. Ita kuwa dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwa a hankali, ba tare da uwa ta lura ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san sharrinta: a 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara kimanin 400.

Duk da haka a faifai ake sayar da kwalli, ba takarda, ba gargaɗi. Doka fa akwai ta. Tun 1993 aka kafa hukumar NAFDAC don kula da abinci da magunguna da kayan kwalliya, har da abin da ake rubutawa a jikinsu. In ta tashi kuma tana cizo. Maganin haƙorin yara na My Pikin ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008, a 2013 kuwa kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Amma ɗauri ba ya dawo da wanda aka binne.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta aiko da jami'anta kasuwannin ƙauye, a auna kwalli, a tilasta rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami.

Kafin nan, uwargida, ki hutar da idon jaririnki daga kwallin da ba a auna ba. Ku kuma 'yan makaranta, duk maganin da aka sayo wa ƙannenku, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ku karanta wa iyayenku. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuri'a, amin.