Le Mans: Daina ƙona data a kan bidiyo

Duk watan Yuni idan tseren motoci na awa 24 na Le Mans a Faransa ya zo, abokaina kan tambaye ni gig nawa na ƙona. Ko ɗaya ba na cikawa.

A ganina, wanda ya zuba wa bidiyo ido tun ƙarfe 3 na ranar Asabar agogon Najeriya, zai wayi gari ba data ba caji, kuma bai fahimci tseren ba. Kyamara mota ɗaya take nunawa a kan hanya mai tsawon fiye da kilomita 13, alhali motoci kusan 60 ne ke gudu, kowace da direbobi uku da ke karɓar juna.

Ainihin labarin yana shafin da ke nuna lokutan motocin kai tsaye: wa ya shiga shan mai, wa ya daɗe a gareji, wa tazararsa ke raguwa da daƙiƙa biyu duk zagaye. Rubutu ne zalla, ba ya cin data. Haɗa shi da Radio Le Mans, ka sa abin kunne. Mu masu rubuta manhaja dama lambobi ne abincinmu, na yarda.

Amma ka ajiye datar awa ta ƙarshe. A 2016 Toyota na kan gaba, saura 'yan mintuna a tashi, motar Kazuki Nakajima ta rasa ƙarfi ta tsaya, Porsche ta wuce ta lashe. Wannan kam sai da ido.