Sharhi: Ɗakunan gwaje-gwajen da ake horar da injiniyoyinmu, na'ura na nan amma ba ta aiki

A duk wurin da ake zuba kankare bisa ƙa'ida, akwai wani ɗan aiki da mai wucewa ba zai kula da shi ba. Kafin a zuba kwaɓin a dakin ko a ginshiƙi, sai a ɗebi kaɗan a cika wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu faɗin santimita 15 ta kowane ɓangare. Washegari a fito da curin a nutsa shi cikin ruwa. Bayan kwana 7 a ɗauki wasu a kai su ƙarƙashin na'urar da za ta danne su har su farfashe, bayan kwana 28 a maimaita da sauran. Nauyin da curin ya jure kafin ya fashe shi ne ke nuna ko kankaren ya kai ƙarfin da aka tsara ginin a kansa, ko kuwa an yi wa siminti rowa.

Wannan na cikin darussan farko da ya kamata ɗalibin injiniyan gine-gine ya yi da hannunsa. Sai dai a jami'o'in Najeriya da dama, ɗalibi kan shafe shekara biyar ya karɓi digiri alhali abin da ya sani game da gwajin nan shi ne abin da aka rubuta masa a allo, ko kuma abin da ya hango ta saman kafaɗun abokan karatunsa su hamsin ko fiye, lokacin da aka taru a kan na'ura guda.

Kukan ba sabo ba ne. A 2012 kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda a lokacin yake shugabantar asusun TETFund, ya zagaya jami'o'in gwamnati don tantance buƙatunsu. Rahotonsa ya nuna ɗakunan gwaje-gwaje cike da tsofaffin kayan da suka daina aiki, har da wuraren da ake amfani da risho a madadin murhun gas na gwaji. Rahoton ne ya zama ginshiƙin yarjejeniyar 2013 da ƙungiyar ASUU, inda gwamnati ta yi alkawarin zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da jami'o'i. An saki kason farko na naira biliyan 200, daga nan sai tafiyar ta koma jan ƙafa. Ragowar kuɗin na cikin abin da ya haddasa yajin aikin wata takwas na 2022.

Amma ɗora komai a kan rashin kuɗi yana ɓoye rabin matsalar. Duk wanda ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko ta Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, zai ga gine-gine masu tambarin TETFund ta ko'ina. Harajin ilimin da aka ɗora wa kamfanoni ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari har ya kai kashi 3 a 2023. An yi gine-gine, an kuma sayo na'urori. Abin da tsarin bai tanada yadda ya kamata ba shi ne kuɗin da zai sa na'urar ta ci gaba da aiki bayan an yanke ƙyalle an watse.

Ɗauki gwajin da ɗaliban injiniyan ruwa da muhalli ke yi don gane yawan ƙazantar da ke cikin ruwa, wanda ake kira BOD. Ana zuba ruwan a kwalba, a auna iskar oksijin da ke ciki, a ajiye a wani akwati mai riƙe yanayi a ma'aunin digiri 20 har kwana biyar, sannan a sake aunawa. Kwana biyar cur, dare da rana. Idan aka ɗauke wuta a daren na biyu a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sakamakon ya tashi daga aiki, ko da akwatin sabo ne fil. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A a Afrilun 2024, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat, shugabannin jami'o'i ke kukan cewa kuɗin wuta ya fi ƙarfinsu. Idan kuwa aka zo rabon dizal, ba a cika fara tunawa da wasu kwalabe da ke kulle a ɗaki ba.

Haka batun yake ga sinadaran gwaji, waɗanda ke ƙarewa ko wa'adinsu ya wuce, kuma galibi da dala ake shigo da su. Haka na'urar danne kankare: tana buƙatar a riƙa daidaita ma'auninta lokaci zuwa lokaci. Wadda aka daɗe ba a daidaita ba ta fi matacciya haɗari, domin za ta ba da adadi, ɗalibi ya rubuta, malami ya ba shi maki, alhali adadin ƙarya ne.

Sai kuma mutanen da ba a cika jin sunansu ba, wato ƙwararrun ma'aikatan da ke kula da ɗakunan. Su ne suka san halin kowace na'ura, su ke nuna wa ɗalibi yadda zai riƙe kayan aiki. Idan tsohon ma'aikaci ya yi ritaya ba a ɗauki wani ya koya a hannunsa ba, na'urar ta yi ritaya tare da shi. Sau da yawa kuma akan ba da kwangilar sayen kaya ba tare da an tambayi wanda zai yi aiki da su ba, sai kaya su iso babu wanda aka horar a kansu, su zauna a cikin kwali.

To ina masu sa ido? Hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa tun 1970, duk suna kai ziyarar tantancewa. Matsalar ita ce an san ranar zuwansu. An daɗe ana zargin cewa wasu makarantu kan ari kayan aiki, wani lokaci har da malamai, su jera su na kwana biyu ko uku, baƙi na tafiya a mayar wa masu su. Ko da babu aro, abin da mai tantancewa ke gani shi ne na'ura a tsaye an share mata ƙura. Sau nawa aka kunna ta a zangon karatun da ya wuce, ɗalibai nawa suka taɓa ta, wannan ba ya fitowa a irin wannan ziyara.

Akwai dalilin da zai sa a ɗauki wannan da muhimmanci yanzu. A 2023 COREN ta samu gurbin wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashen da ke cikinta ke amincewa da digirin injiniya na junansu. Ma'aunin yarjejeniyar shi ne abin da ɗalibi zai iya yi idan ya kammala, ciki har da tsara gwaji da fassara sakamakonsa. Cikakken gurbi ba zai samu da jerin sunayen kayan aiki a takarda ba.

Amma tun kafin a kai ga batun ƙasashen waje, ƙasar da muke takawa ma ta ishe mu dalili. A sassan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar laka, wadda a yankin Tafkin Chadi ake kira firgi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Titi ko gidan da aka ɗora a kanta ba tare da an gwada ta ba, ba ya daɗewa sai ya dare. Burjin da ake shimfiɗa wa titi ma ba duka ne ɗaya ba. Sai an gwada ake sanin wanda zai ɗauki tirela. A Kano, ruwan da masana'antun jima ke saki a Challawa da Sharaɗa yana buƙatar mai iya auna sinadarin kuromiyom. A Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, kuma ido ba ya ganin dalma a ƙasa ko a rijiya, sai na'ura.

Ba daidai ba ne a ce raunin ɗakunan gwaje-gwaje ne ya fasa madatsar ruwan Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, ko ya rusa bene mai hawa 21 na Ikoyi a 2021, ko makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024. Son zuciya, rashin kulawa da ba wa waɗanda ba injiniyoyi ba aiki sun fi taka rawa a irin waɗannan masifu. Sai dai wanda ake sa ran zai tsaya ya ce wa ɗan kwangila wannan kwaɓin bai yi ba, shi ne matashin injiniyan da aka tura wurin. Idan bai taɓa ganin yadda kankare mai rauni ke marmashewa ba, da wuya ya yi gardama da mutumin da ya shekara talatin yana gini.

Wasu za su ce ai akwai shirin SIWES, inda ɗalibi ke yin wata shida a kamfani ko ma'aikata a shekararsa ta huɗu. Wanda ya dace da babban kamfanin gini yakan ga ɗakin gwaji na gaske. Da yawa kuwa a ofishin ma'aikatar ayyuka suke ƙarewa, inda babu abin yi sai sa hannu a rajista.

A ganina gyaran da ya fi sauƙi bai buƙatar sabon gini. Duk na'urar da za a saya da kuɗin jama'a a haɗa ta da kuɗin horo, kayan gyara da daidaita ma'auni na wasu shekaru a cikin kwangila ɗaya. A ware wa ɗakunan gwaji wutar sola tasu, tun da abin da akwatin BOD ke ci bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019. Masu tantancewa kuma su riƙa zuwa ba sanarwa, su duba littafin da ake rubuta amfani da na'ura, su zaɓi ɗalibi ɗan ajin ƙarshe su ce ya yi gwajin a gabansu.

Akwai kuma kuɗin da ke kusa. Wasu sassan injiniya tuni suke yi wa 'yan kwangila gwajin ƙasa da kankare ana biyansu, sai dai ba kullum kuɗin ke komawa ɗakin da ya samo shi ba. Da gwamnatocin jihohi za su wajabta cewa babu titi, kwalbati ko ajin makarantar da za a biya kuɗinsa sai da takardar gwaji daga ɗakin da aka amince da shi, kuma jami'o'i su bar wa ɗakunan kaso mai tsoka na abin da ya shigo, da na'urorin sun samu aiki kullum, ɗalibai kuma sun samu samfurin ayyukan garinsu suna gwadawa. Haɗarin a nan shi ne takardar gwajin ita ma ta zama abin saye, kamar yadda wasu takardun suka zama. Don haka sai COREN ta riƙa ɗaukar wasu samfuran ta sake gwada su a wani ɗakin daban, ta kuma hukunta duk wanda ya sa hannu a kan adadin da ba na'ura ce ta bayar ba.