Filin Mata: Idon Da Ke Tsaron Gona Mai Nisa

Yau zancen ruwan sama za mu yi, ko da ya ke in an bi shi sannu a bakin murhu zai tsaya.

Kowace uwargida ta san halin ruwan farkon damina. Sai a yi shi kamar da bakin ƙwarya cikin gari, maigida ya ce a fito da iri, a saɓa sungumi a yi tafiyar mil biyar, a tarar ko yayyafi ba a yi a gona ba. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne ƙasa ta jiƙa sama-sama, a shuka, gero ya tsiro, sa'an nan ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar. Irin da aka ɓoye tun kaka ya tafi ke nan. Na biyu kuwa ba shi da inda zai fito sai cikin hatsin ci, ko kuwa kuɗin adashinki. Mai gayauna da ba ta fita sai abin da ɗan aike ya gaya mata, shi kuwa ɗan aike bai san kome ba sai "an yi ruwa sosai."

To, sosai ɗin nan nawa ne? Wani masani, Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, ya tsara ƙa'ida a 1988. Ya ce damina ta kama in an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da ke biye ba a yi farin da ya wuce kwana 7 ba. Milimita 20 bai cika inci guda ba. Sharaɗi na biyu sai an wuce shi a kan sani, amma na fari ana iya auna shi. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, abu ne mai amfani ƙwarai, sai dai na yanki ne, ba na gonarki ba.

Ga abin da masu sha'awar haɗa na'ura ke yi. Sukan kafa sanda a gona, su ɗora ma'aunin ruwa, da ma'aunin zafi, da 'yar kyamara irin ta kan kwamfuta, da faifan sola, sa'an nan labari ya riƙa zuwa cikin waya a gida.

Ma'aunin ruwan mazurari ne, ƙarƙashinsa da cokula biyu a kan sanda ɗaya kamar sikeli. In ɗaya ya cika sai ya kife, ɗayan ya tari ruwa. A yawancinsu kifewa guda milimita 0.2 ce, watau in ya kife sau 100 an sami milimita 20 ɗin nan. Ku 'yan aji shida, ku riƙe wannan kuma: milimita guda ta ruwan sama lita guda ce a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. A kafa shi daidai, kada ya karkata, kuma nisansa da itace ya kai ninki biyu na tsawon itacen. Ma'aunin zafi a sa shi cikin farin akwati mai tsaga-tsaga, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kowane kafinta ya iya wannan. In rana ta buge shi kai tsaye, zafin akwati zai faɗa miki, ba na iska ba.

Mai ƙidaya da aikawa wata 'yar kwamfuta ce da ba ta kai tafin hannu ba. Akwai Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012, ana iya jona mata kyamara. Akwai kuma ESP32-CAM, mai zuwa da tata kyamarar. Kowacce sai an haɗa ta da abin da ke ɗaukar katin waya, saboda haka tun ba a sayi kome ba a aika yaro ya tsaya a gonar ya buga waya, a ga ko tana kamawa.

Wuta ita ce wuyar aikin, nan ne kuwa uwargida ta fi kowa ganewa, gama awon hatsi ne sak. A ce kayan duka suna cin wat 2. Cikin sa'a 24 sun ci 48 ke nan. Faifan sola mai wat 20, in ya sami sa'a biyar na rana mai kyau, ya ba da wajen 100, har da rara. Amma fa rumbun shi ne batir. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 yana riƙe 84, kuma irin na dalma ba a cin fiye da rabinsa in ana so ya daɗe. Saura 42, ba su kai na yini da kwana ba. Ga shi kuwa a watan Agusta, lokacin marka, rana takan ɓuya kwana biyu ko uku, daidai sa'ad da aka fi bukatar awo. Ko dai a sayi babban batir, ko a koya wa na'urar barci: ta farka sau ɗaya a sa'a, ta ɗauki hoto, ta aika, ta koma. Ni na fi son ta biyu don wannan, gama ta iya barci, kifewar cokali kuma takan tashe ta. Kada a manta da ɗan akwatin da ke tsakanin faifai da batir, mai hana caji ya yi yawa.

Kyamara hoto ɗaya-ɗaya za ta riƙa ɗauka, bidiyo cin kuɗi ne kawai. A fuskantar da ita gabas, don daga can hadarinmu ya fi tasowa, a yi mata 'yar rumfa saboda ranar safe, a ɗan sunkuyar da ita ta kama rabin sama rabin kunya. Da haka za ki ga tsiro, ki ga ciyawa in ta taso, ki ga ko 'yan ƙodago sun zo aiki da gaske. Amma kada ta leƙa gidan kowa ko bakin rijiya inda mata ke ɗibar ruwa. Wannan ba tarbiyya ba ce.

Abokan gābanta kuwa sanannu ne. Zanzaro yakan yi ɗaki cikin mazurari, tsuntsu ya yi kashi, gara ta ci sandar itace, akuya ta tauna waya, ƙurar hunturu ta rufe faifai. Sandar ƙarfe ta fi, wayoyi a zura su cikin bututu, duk mako wani ya je da tsumma da ruwa. Ɓarawo kuma batir ya ke so, sai a sa shi cikin akwati mai kwaɗo, a gaya wa mai unguwa tun ranar kafawa.

Ba lalle gida ɗaya ya ɗauki nauyin ba. Gidaje biyar masu maƙwabtaka a gona sa iya haɗa kuɗi. Wata ƙungiya mai suna TAHMO, mai burin kafa tasha 20,000 a Afirka, yawanci a makarantu ta ke kafa nata, 'yan makaranta su yi lissafi da abin da aka auna. In irin wannan ta zo makarantarku, 'yan mata, kada ku yarda a ba ku tsintsiya a ba maza littafin awo.

Kafin nan, ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa daidai, ku ajiye a fili kan turmi. Kowace safiya ku tsoma rula, ku rubuta zurfin ruwan da kwanan wata, ku zubar. Wadda ta cika wata guda ta aiko mini da nata, mu gwada na gari da na ƙauye a wannan fili.