Garkuwar Auduga Tana Jikinta

Manoman auduga a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sukan kashe kuɗi wajen feshi, alhali shukar tana da garkuwarta. Gashin bayan ganye yakan hana wasu ƙananan ƙwari masu tsotso ci da yin ƙwai. Baƙaƙen ɗigon da ke jikin ganye da angurya kuwa suna ɗauke da gubar gosifol mai tsumburar da tsutsa. Shi ya sa ake tace man angurya kafin a ci. Sai dai yawan gashi yakan jawo farin ƙuda, don haka zaɓen iri sai da lura. A ganina, wajibi ne malamai su fita da ɗalibai gona, su san ganye kafin su san feshi.