Keke a Hanyoyin Burji na Kafanchan

A Turai kuɗi ake kashewa wajen ware hanyoyin tsakuwa da mota ba ta bi domin masu keke, alhali Kudancin Kaduna tuni tana da irinsu. Jajayen hanyoyin da suka ratsa gonakin citta wajen ruwan Matsirga da gindin dutsen Kagoro alamomi da gyaran kwalbati kawai suke jira daga ƙananan hukumomi. Wani zai ce tsaro fa? Tsoron na da dalili, an rasa rayuka. Amma manomi na bin hanyoyin nan kullum, buhu ɗaure a bayan kekensa. A fara yawon keke da rana, cikin ayari, lokacin bikin Afan na 1 ga Janairu, samarin ƙauyukan su yi jagora a biya su.