Hawan Dutse Don Hangen Kogi: Darasin Labarin Ƙasa a Wajen Aji

Gabatarwa

Ɗalibin sakandare da ya tashi a Balan, cikin Ƙaramar Hukumar Gaya, ko a wani ƙauye na Ajingi, yakan iya kawo sunayen manyan kogunan duniya a ka, ya zana taswirar Kogin Nilu a takardar jarrabawa, alhali kuwa bai taɓa tsayawa a bisa wani tudu ya ga yadda Kogin Haɗeja yake karkata a ƙasar da aka haife shi ba. Wannan giɓi ne babba a tsarin koyarwa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata kowace makarantar sakandare ta wannan yanki ta fitar da ɗalibanta sau ɗaya a shekara, su bar titi da turba, su ratsa jigawa da ƙafa, su hau wani tudu ko dutse da za su hangi ruwa daga kansa. Amma akwai sharaɗi, wato a shirya tafiyar bisa ƙa'idojin kimiyya, domin wadda aka yi da ka tana iya zama sanadin asarar rai.

Abin da Ido Zai Gani

Ƙasar Gaya da Ajingi shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ba hamada ba ce, tana samun damina daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Duk da haka akwai tarihin hamada a ƙarƙashin gonakinta. Masana sun nuna cewa fiye da shekaru 12,000 da suka wuce an yi wani zamani na fari mai tsanani, lokacin da rairayin Sahara ya gangaro kudu, iska ta tara shi tuddai-tuddai a miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Waɗannan tuddai, da ciyawa da itatuwa suka lulluɓe daga baya, su ne jigayin da ake gani a gabashin Kano da Jihar Jigawa. Har ila yau, a wannan shiyya ne tsohon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar Kano, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500, yake nutsewa a ƙarƙashin yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Cadi. Ɗalibin da ya taka wannan ƙasa yana kallo zai gane dalilin da ya sa mai haƙar rijiya yake cin karo da dutse a wani gari, a wani garin kuwa yashi yake ta fitarwa har ya tarar da ruwa.

Kogin da ke wucewa ta Wudil haɗakar Kogin Kano ne da Kogin Calawa. Daga nan yakan nufi Ringim da Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Calawa a 1992, halin wannan kogi ya canza. A da yakan cika ya batse da damina, ya kusa ƙafewa da rani. Yanzu kuwa ruwan da ake sakowa daga madatsun yana gudana har cikin rani, noman rani ya bunƙasa, amma kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja. Duk wannan bayani yana nan a littafi. Sai dai wanda ya tsaya a wuri mai tsayi, ya ga gaɓar da ruwa yake ci da gaɓar da yake jibge yashi, ya ga koren fadama a tsakiyar busasshiyar ƙasa, shi ne zai riƙe darasin har tsufansa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Hikimar Hawa Sama

Akwai lissafi mai sauƙi da ke bayyana amfanin hawa. Da yake duniya a mulmule take, nisan da ido zai kai kafin doron ƙasa ya kare masa gani ya dogara ne ga tsayin wurin da mutum ya tsaya. A nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin wurin a ma'aunin mita, sannan a ninka wannan lamba da 3.6, abin da ya fito shi ne nisan a kilomita. Alal misali, yaron da idonsa yake mita 1.6 daga ƙasa ba zai hangi abin da ya wuce kilomita 4.5 a fili ba. Idan ya hau tudu mai tsayin mita 25, zai hangi kilomita 18. Idan kuwa dutse ne mai mita 100, ganinsa zai kai kilomita 36, muddin babu hazo. Wannan lissafi darasi ne da malamin lissafi da na labarin ƙasa za su iya haɗa kai su koyar a tsaye a bisa dutsen.

Wuraren hawa ba su yi wa mutanen Gaya nisa ba. Ana iya farawa da jigayi da gaɓar kogi ta wajen Wudil. Ga duwatsun garin Dutse a gabas, ga na Birnin Kudu masu zane-zanen mutanen da, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950. Makarantar da ke da halin ɗaukar mota tana iya zuwa Tiga, inda duwatsu suke kusa da tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178. Ko Dutsen Dala ma yana da alaƙa da wannan yanki, domin tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Abagayawa daga Gaya suka tashi neman tama har suka zauna a gindinsa.

Lissafin Lokaci da Ruwa

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dutsen da ake gani kamar a miƙa hannu a taɓa yana iya cin rabin yini, musamman idan babu turba. A 1892 wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya kawo ƙa'idar da har yau ake amfani da ita: a ware awa 1 ga kowace kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Tafiyar kilomita 8, zuwa da dawowa, tare da hawan mita 150, za ta ci awa 1 da minti 36 a ƙasa, da ƙarin minti 15 na hawa. Amma ƙa'idar ta ƙarfafan mutane ce a ƙasa mai sanyi. Ga ayarin ɗalibai masu ratsa yashi da ƙarangiya, suna tsayawa ana yi musu bayani, sai a ninka lokacin, ya kusa awa 4. Idan an tashi da ƙarfe 6:30 na safe, za a dawo kafin rana ta take.

Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37 na ma'aunin santigireti, kuma gumi ne babbar hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Mai tafiya cikin zafi yakan zubar da gumin da ya kai lita 1 a awa guda. A busasshiyar iska gumin yakan bushe nan take, har mutum ya ɗauka ba ya zufa, alhali ruwan jikinsa yana ƙarewa. Saboda haka tafiyar awa 4 tana bukatar a ƙalla lita 3 ga kowane ɗalibi, ana kurɓa a kai a kai tun kafin ƙishirwa ta kama. Ya kamata malami ya riƙe haɗin gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da fitsari mai duhu alamu ne na a tsaya a inuwa. Idan kuwa yaro ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, to bugun zafin rana ne, sai a jiƙa shi da ruwa, a yi ta yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Kada wani ya raina ƙishirwa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit ta Jamhuriyar Nijar, bayan motocinsu sun lalace ruwansu ya ƙare. A Amurka ma, hukumar da ke kula da yankin Tafkin Mid a kan Kogin Kolorado takan rufe wasu hanyoyin ƙafa daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba saboda zafi. Darasin ga makarantun Gaya da Ajingi a fili yake: kada a fita a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma kada a fita da masu azumi. Da damina dutse yana santsi, kogi yana cika ba sallama, ga kuma tsawa da ke faɗa wa wurare masu tsayi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kau da amfanin gona, a ranar da hazo bai sauka ba.

Dutse, Maciji da Ruwa

Hawan dutse da hannu da ƙafa yana da ƙa'ida guda da ba a karya ta: daga cikin hannuwa biyu da ƙafafu biyu, uku su kasance a dafe kafin a motsa na huɗu. Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama sukan sa fatar dutse ta ɓamɓare kamar ɓawon albasa, don haka a gwada kowane madafi kafin a sakar masa nauyi. Sauka ta fi hawa wuya, domin ido ba ya ganin inda ƙafa za ta sauka. Duk inda malami ya ga ba za a iya saukowa cikin sauƙi ba, to kada a hau. Kada kuma wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa, saboda tsakuwar da za ta gangaro.

Kububuwa da kasa sukan fake a ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa. Takalmi rufaffe da dogon wando da sanda sun fi silifa nesa ba kusa ba, kuma ba a zura hannu a ramin da ido bai ga cikinsa ba. Idan tsautsayi ya faru, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsaga shi, ba a tsotsa. A kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi, wanda ya kamata a san da shi tun kafin a tashi. Game da ruwa kuwa, an je kallonsa ne daga sama. Ba a yarda ɗalibi ya shiga ba, saboda zurfin da ba a sani ba, da kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi yake zaune.

Ɓata hanya shi ma haɗari ne. Wayar hannu tana nuna taswira, amma caji yana ƙarewa. Gara ɗalibi ya koyi aiki da kamfas, ya saba da waiwaye yana riƙe alamu kamar kuka ko tsamiya, ya san cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa.

Hujjojin Masu Ja da Baya

Shugaban makaranta zai ce alhakin 'ya'yan mutane yana wuyansa, ga kuma halin rashin tsaro da ya addabi wasu dazuzzukan Arewa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ba a ce a kutsa kowane daji ba. Wurin da jami'an tsaro ko dagaci suka ce a ƙaurace masa, a ƙaurace. Wanda aka zaɓa kuwa, malami ya riga zuwa ya taka shi da ƙafarsa, a karɓi izinin iyaye a rubuce, a sanar da mai unguwa hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum 10 kowanne da malaminsa, ɗalibai mata kuma da malamansu mata. Yaran karkara dama suna hawan duwatsu da bishiyoyi, suna zuwa rafi ba tare da kowa ya koya musu ƙa'ida ba. Hana tafiyar makaranta ba ya kau da wannan haɗari, abin da yake kawarwa shi ne damar koyar da rigakafinsa.

Wani zai ce babu kuɗi. Tafiyar farko ba ta bukatar mota, jarkar ruwa da littafin rubutu da fensir sun wadatar. Manomi kuma zai ce barin turba yana nufin tattake gona. Shi ya sa aka zaɓi bayan kaka, kuma ko a lokacin a bi iyakar gonaki da burtali, a nisanci lambunan rani, kada a bar leda, kada a kunna wuta, kada a yi rubutu a jikin dutsen da ke ɗauke da zanen mutanen da. Bugu da ƙari, mafi kyawun ja-gora shi ne mutumin wurin, maharbi ko makiyayi ko masunci, wanda ya san sunan kowane tsiro da mashigin kowane rafi. Idan ya tsaya kusa da malamin kimiyya, ɗalibi zai ga cewa ilmin gida da na boko suna iya ƙarfafa juna.

Kammalawa

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana maƙwabtaka da Gaya da Ajingi, Jami'ar Bayero ma ba ta da nisa. Zai kyautu malaman labarin ƙasa na waɗannan jami'o'i su taimaki makarantun sakandare da taswira da kamfas da horon yini guda ga malamai. Ƙasar da ke fama da ambaliya da zaizaya da gurgusowar hamada tana bukatar injiniyoyi da masana ruwa da suka san ta da ƙafarsu. Daga cikin yaran Balan da za su tsaya a bisa tudu su kalli kogi a bana, ana iya samun wanda gobe zai tsara yadda za a raba ruwan Tiga tsakanin manomin Kadawa da masuncin Nguru. Abin da ya rage ga shugabannin makarantu shi ne su sa ranar fita a jadawalin zangon karatu, su auna ruwan sha, su tashi da sassafe.